Kwana Goma Sha Takwas a Littafin Ruwan Baba

Talata

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lukutata. Inna tana gaishe ki. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, jiya har masallaci ya je ba sanda.

Yaya, zan gaya miki wata magana da ban taɓa gaya wa kowa ba. Don Allah kada ki kira wayar Baba, a gabansa zan amsa, kuma kin san yadda bakina yake mutuwa. Ruwan saman da aka rubuta a fom ɗin tasharmu ta awon ruwa na watan biyar, daga ranar tara zuwa ashirin da shida, ba a yi shi ba. Ni na ƙirƙire shi.

Kin tuna ranar da Baba ya faɗi a kan babur ya karye, tabaransa ya fashe, aka tafi da shi asibitin birni, Inna ta bi shi jinya, aka bar ni da Gwaggo. Ana sa shi a mota ya miƙo mini hatiminsa da makullin shingen ma'aunin ruwan sama, ya ce, "Auta, ƙarfe bakwai. Ba bakwai da minti biyar ba." Na iya aikin, tun ina 'yar shekara takwas nake bin sa. A cire mazurari, a juye kwalba a gilashin awo, a durƙusa har ido ya yi daidai da ruwan, a rubuta. In ba a yi ruwa ba a ja layi. Kwana shida na yi ina zuwa ba fashi.

To, kin san hanyar zuwa tsohon ofishin gona, inda ma'aunin yake, ɗaya ce, ta gaban shagon mai gyaran injin ban-ruwa. Kin kuma san ni da littattafan soyayya, ke ce ma kike cewa wata rana a cikinsu za a tsince ni. Abin da ba ki sani ba shi ne na fara rubuta nawa a wani littafin makaranta mai shuɗin bango. Jarumin labarin yana gyaran inji, yana da tabo a girar hagu. Rana ta bakwai littafin ya zame daga mayafina a ƙofar shagonsa ban sani ba. Da la'asar ya kawo shi har gida ya ba Gwaggo, ya ce na 'yarku ne. Ban san ko ya buɗe ba. A shafi na uku akwai inda na ce idanunsa kamar hadarin gabas.

Daga ranar ƙafata ta ƙi bin hanyar. Kullum zan fito bakwai saura kwata da littafin ruwa a hannu, in kai kwanar firamare, in ji ƙarar gudumarsa, sai in zauna a dakalin ajin ƙarshe in yi ta karatu, sannan in wuce makaranta. Kullum cewa nake gobe zan je. Goben nan sai da ta kai kwana goma sha takwas.

Ranar da na daure na ja mayafi na wuce da sauri, na tarar zanzaro ya gina ɗaki a cikin mazurarin har ya bushe, kwalbar kuwa ba ko ɗigo. Na san ba a yi ruwa ba, kowa ma ya sani, shuka tana ta ƙonewa. Amma da na ɗauki biro zan ja layi goma sha takwas a jere, sai na ga kamar shafin yana shela cewa ban je ba. Sai na ɗauko littafin bara na kwafe ruwan waɗannan ranakun, ina ƙara ɗaya a nan, ina rage biyu a can. Ƙarshen wata na cike fom, na buga hatimin Baba, na ba Kawu Direba ya kawo ofishinku.

Ni a zatona a kabad ake jibge fom ɗin nan ɓeraye su ci. Sai ran Juma'a Kawu Direba yake gaya wa Baba wai ana haɗa littafin jiha, kuma da fom ɗin nan ake zana taswira. Shin gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne ki yaga takardar nan, ki yi kamar ba ki gani ba.

Na sa ta a cikin ambulan ɗin saƙon ofis na wannan makon, na rubuta sunanki a bayanta. Allah ya sa ke kika buɗe.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Auta

*

Juma'a

Auta,

Wa'alaikis salam. Muna lafiya. Ki gaida Inna da Baba da Gwaggo.

Ni na buɗe. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na je na wanke fuskata. Da kina kusa da kunnenki ya gaya miki.

Gaskiya ne, kuma bari in yi miki bayani tunda ke jiharku ba ki san ta ba sai ta cikin taga. Littafin na makarantu ne da ofisoshi, babi huɗu: ƙasa da yanayi, tarihi, tsarin mulki, al'adu. Babin al'adu ya kusa kashe mu, kowane dattijo so yake a sa kakansa. Babin mulki ba wuya, jerin gundumomi ne da wanda ke bisa wane. Nawa shi ne na farko. Jihar nan ba mu da ma'adini, ba mu da teku, abin da ƙasa ta ba mu kawai muke ci. Kudu akwai kogi da fadama, masara da shinkafa suna yi. Gabas duwatsu. Arewa jigawa, gero da wake. Mu muna tsakiya, shi ya sa kowace shekara sai an duba wane ɓangare za a jingina mu.

A taswirar launi biyu ne. Duk gundumar da ruwa ya ɗauke mata fiye da kwana goma sha huɗu a jere bayan an yi shuka, rawaya ake shafa mata, kuma ita za a fara kai wa iri mai saurin nuna baɗi, da malaman gona. Sauran kore, su ci gaba da irin da suka saba. Gundumar da ke yammacinmu rawaya ce. Ta arewacinmu rawaya ce. Mu kaɗai ne kore a tsakiya, kamar ganye a cikin faranti, saboda fom ɗin Baba ya ce ana ta ruwa duk bayan kwana uku.

Na ɗauko fom ɗin bara na ajiye kusa da na bana. Auta, ko satar amsa ba ki iya ba. Akwai rana biyu da kika manta ba ki canza komai ba.

Sai abu na biyu. A babin tarihi an ware shafi guda saboda tasharmu. Tun ranar da Kaka ya kafa ma'aunin nan, zamanin da ake loda auduga a tsohon sito, zuwa yau shekara arba'in da ɗaya, ba a taɓa fashin rana ɗaya ba. Duk jihar ba mai wannan. Darakta ya ce a je a ɗauki hoton Baba a gefen ma'aunin, a rubuta a ƙasa: Malam Milimita, kamar yadda mutanen gari suke kiran sa. Mai hoto zai zo Laraba ta sama.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Kada ki ɗauka tausayinki na ji, tunani nake.

Shi kuma mai idon hadari, ki ce ina gaishe shi.

Yayarki

*

Talata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ranki ya ɗan yi sanyi. Na karanta takardarki a bayan rumbu, na kasa cin abincin rana, Inna ta ce ko zazzaɓi ne.

Yaya, ba za ki iya shafa mana rawayar ba kawai? Biron launin a hannunki yake. Ko ki goge lambobin ki ja layi goma sha takwas, tunda ai gaskiyar ke nan, ba a yi ruwan ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne da na ja layin nan tun farko, ko daga dakalin firamare ne, da daidai na rubuta. Wahala na sha na yi ƙarya.

A littattafan da nake karantawa, in an zo irin wannan wurin, takardar ce take faɗawa a rijiya, ko ofis ya kama da wuta, ko wani ya zo daga nesa ya ce shi ya yi laifin. Na san ba haka za a yi ba. Ina dai gaya miki abin da nake tunani ne in ina shara.

Baba ya ji maganar hoto. Ya sa Inna ta fito da farar rigarsa, an wanke an kai guga. Ya sa na share cikin shingen, na cire ciyawa, shi kuma ya zauna a kan kujera yana goge gilashin awo da tsumma kamar jariri. Ya ce, "Hoton ba nawa ba ne, na kakanku ne. Ni dai na ci gaba ne daga inda ya tsaya." Inna ta ce, "To ka tsaya da kyau, kada ka fito kamar an kama ka da akuyar mutane." Ya yi dariya har da tari.

Ran Asabar shugaban ƙungiyar manoma ya zo gida. Ina kawo musu ruwa na ji komai. Ya ce, "Malam Milimita, ni da kai ba ma 'yar haka. Sau biyu na yi shuka bana. Gonata ba ta fi tafiyar minti goma daga ma'auninka ba. Wane ruwa ne wannan da ya san kwalbarka bai san gonata ba?"

Baba ya ce, "Shugaba, ina asibiti lokacin, amma ruwa yakan zuba a nan ya tsallake can, ka sha gani. Ma'auni abin da ya shiga cikinsa yake faɗa."

Shugaba ya ce, "Wa ya karanta maka?"

Baba ya ce, "Autata. Da hannuna na koya mata. In ta ce bakwai da ɗigo huɗu, to bakwai da ɗigo huɗu ne."

Shugaba ya juyo ya kalle ni. Ya karɓi kofin ya ce sannu 'yata. Da ya zage ni da ya fi mini.

Wata matsalar kuma, sabon tabaran Baba ya iso. Tun watan biyar ni nake rubuta masa littafi, shi yana faɗa, shi ya sa bai taɓa waiwayar shafin ba. Yanzu ya ce in an gama hoto zai zauna ya bi littafin rana-rana don jimillar shekara. Kin san ya haddace ruwan bara kamar sunayen 'ya'yansa.

Ki taimake ni, Yaya. Ke ce babba.

Allah ya bar zumunci.
Auta

*

Juma'a

Auta,

Wa'alaikis salam. Lafiya lau muke, sai dai 'yar lukutarki tana haƙori, ba ta bar kowa ya huta ba.

A'a. Ba zan shafa ba, ba zan goge ba. Fom ɗin ya riga ya shiga rajista da lamba, kwafinsa yana ofishin yanayi. Ko da ba haka ba, in na ja layi yau saboda na san ba a yi ruwa ba, gobe wani zai rubuta goma saboda shi ma ya san an yi. Layi na wanda ya je ya duba ya ga kwalba a bushe ne a ranar. Ke ba ki je ba.

Tunda kin faɗi naki, ga nawa. Watan jiya an yi taro a kan taswirar. Shugaban nan da ya zo gida ya miƙe a gaban Darakta da wakilan gundumomi ya ce kwana goma sha takwas ba su ga ruwa ba. Ni ce na tashi. Na ce ni 'yar Malam Milimita ce, a gidanmu aka yi shekara arba'in da ɗaya ana wannan aiki, ubana ba ya rubuta abin da bai gani ba. Darakta ya rufe fayil, dattijon ya zauna yana gyara hula. Kin ga ke kin yi ƙaryar, ni na tsaya mata. Ni ma akwai wanda zan je in ba haƙuri.

Hanya ɗaya ce. Ga fom ɗin gyara na sa miki a ciki. Ba a buga masa hatimi, mai tasha ne zai sa hannu da kansa. A gaban kwanakin za a rubuta "ba a auna ba". Daga nan ofis zai ɗauki lissafin tasoshin da ke maƙwabtaka da mu, ya tura mutum ya ji ta bakin manoma. Ina da yaƙinin rawaya za mu samu.

Ba zan ɓoye miki sauran ba. Shekara arba'in da ɗaya ta katse. Shafin hoto zai fita daga littafin, don abin da ya sa aka sa shi ke nan. Kuma za a aiko wa Baba takarda a tambaye shi dalilin da ya sa ya bar hatiminsa a hannun wani bai sanar da ofis an turo madadinsa ba. Saura shekara biyu ya ajiye aiki. Zan yi iyakar ƙoƙarina ta tsaya a gargaɗi, amma ban yi miki alkawari ba.

Litinin ta sama Kwamishina zai sa hannu a taswira, daga nan sai maɗaba'a. In fom ɗin bai biyo Kawu Direba ran Juma'a ba, shi ke nan, mun zama kore har shekara biyar kafin a sake bugu.

Zan iya kiran Baba in faɗa masa. In kin ce in yi, zan yi. Amma ke ya miƙa wa makullin.

Ki ci abinci. Ramewa ba ta gyara fom.

Yayarki

*

Talata

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan haƙoran sun fito lafiya.

Kada ki kira shi. Fom ɗin yana cikin shuɗin littafina, kwana huɗu ke nan ina buɗewa ina rufewa.

Jiya muna dawowa daga ma'auni ni da Baba, ya tsaya gaisawa da wani, sai mai gyaran inji ya ɗago daga ƙarƙashin wani inji ya ce, "Ƙanwata marubuciya, ina kwana." Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Ya ce, "Shafi huɗu na karanta aka kawo mini aiki. Kin iya labari. Amma injin ban-ruwa ba da makulli ake tayar da shi ba, igiya ake ja. Ki gyara kafin mutane su yi miki dariya." Na ce to. Ya ce, "Shi kuma mutumin nan na labarinki mai ido kamar hadari, ki gaya masa hayaƙin inji ne, ya dinga wankewa." Ya koma aikinsa.

Shi ke nan, Yaya. Abin da na yi kwana goma sha takwas ina gudu ke nan. Bai kai minti ɗaya ba.

Ban san inda na samu bakin ba, na tambaye shi ko ya tuna watan biyar. Ya ce yaya zai manta, bai taɓa gyara inji da damina kamar bana ba, mutane suna janyo ruwa daga kududdufi don shuka ta rayu. Ya ce wansa irin da ya ajiye ya ƙare a shuka ta biyu, yanzu jira yake ya ji ko gundumarmu tana cikin masu samun sabon iri. Ya ce, "Ai babanku zai sani, ki tambayar mana shi."

Gobe mai hoto zai zo da hantsi. Rigar tana rataye a ƙofar ɗakin Baba, an rufe ta da zani saboda ƙura. Ba na son a ɗauki hoton sannan a cire shi. Na gwada faɗa masa da baki sau biyu, da safe da kuma bayan azahar, sai in ji ina tambayarsa ko zai sha shayi. Rubutawa zan yi, shi kaɗai na iya.

Ki yi mini addu'a.
Auta

*

Laraba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya ƙarfin ƙafa. Ka yi haƙuri da na rubuto maka takarda alhali muna gida ɗaya.

Baba, daga ranar tara zuwa ashirin da shida ga watan biyar ban je ma'auni ba. Ba ciwo na yi ba, ba kuma wanda ya hana ni. Kunyar wani abu na ji, wanda yanzu na ga bai kai ya kawo ba. Lambobin da ke shafin na bara ne, na kwafa na buga hatiminka. Ba a yi ruwa ba ko sau ɗaya, har zanzaro ya yi gini a mazurari. Shugaba gaskiya ya faɗa, kuma a gabana ka tsaya mini.

Saboda lambobina an cire gundumarmu daga masu samun iri mai saurin nuna. Yaya ta sani, ta aiko da fom ɗin gyara, ga shi a haɗe. In ka sa hannu kafin Juma'a za a iya mayar da mu. Amma shekara arba'in da ɗayan za ta katse, ba za a sa hoton ba, kuma za a aiko maka da takardar tambaya. Na cike kwanakin da fensir, na rubuta "ba a auna ba" sau goma sha takwas. Wurin sa hannun kawai na bari.

In ka yarda zan bi ka wurin Shugaba in faɗa da bakina, ko da a hankali zai fito.

Ka yafe mini, Baba.

Yanzu bakwai saura minti goma. Ina jin ka a tsakar gida kana tambayar Inna inda makullin shinge yake. Yana wurina. Tabaranka yana kan taga, zan ɗauko maka shi, in haɗa da makullin da takardar nan, in kawo maka su ukun tare.

'Yarka,
Auta